Shaidar da Na Bayar a Kan Ruwan Tsibiri

Zuwa ga mahaifiyata, Inna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina durƙusawa in gaishe ki kamar yadda na saba yi a ƙofar ɗakinki, duk da shekara goma sha ɗaya ke nan ƙasar Wudil ta rufe ki. Allah Ya sa kina cikin yalwa da haske, Ya kai miki ladan addu'ar da nake yi miki bayan kowace salla.

Kin san ba halina ba ne in baje zancen gida inda kowa zai karanta. Amma abin da zan faɗa miki a gaban mutane na yi shi, don haka a gabansu zan gyara. Na san matan unguwarmu ta Concourse Village da na Mount Hope za su karanta wannan takarda. Su karanta. Da ke nake magana.

Inna, na ba da shaida a kan ruwan da ban bi kansa ba.

Bari in fara miki daga farko. Takwararki, 'yata Ummi, ta girma. Har yau ban iya kiran sunanta na yanka ba tunda naki ne. Ta gama karatu, tana aiki a wani asibiti, ta kama ɗaki a St. George, can tsallaken ruwa. Ina yi mata Hausa tana mayar mini da Turanci, haka muke tun tana ƙarama. Yarinya ce mai son tafiya, kuma ta daɗe da wani buri: ta riƙa kai matanmu tsibiran ƙasashe masu zafi, su hau duwatsu su shiga teku su ga kifaye da idonsu, a wurin da babu maza kuma babu tsiraici. Ta ce matan Bronx daga aiki sai kicin sai gidan biki, wasu sun shekara ashirin a bakin teku ba su taɓa sa ƙafa a ciki ba. Gaskiya ta faɗa.

Matsalarta ɗaya, matan ba za su bi yarinya ba. Ni za su bi. Ba alfahari nake yi ba, kin san abin da kika ɗora ni a kai. Aikina kula da tsofaffi a gidajensu, amma a unguwa ni ce mai wankan gawar mata, ni ake tambaya hukuncin tsarki da jini da wanka. Malama suke ce mini. Ummi ta ce in raka ta mu je mu duba wuri tukuna, in na gani na yarda, in yi musu magana ɗaya a zaurenmu na waya. Ta saya mini rigar iyo mai rufe jiki har wuyan hannu da idon sawu, da hularta, da takalmin hawan dutse mai nauyi kamar na soja. Muka hau jirgi zuwa wani tsibiri a tekun Karibiyan.

Abin da ake zuwa yi can, suna kiransa sinokil. Gilashi ne za ki ɗaura ya rufe ido da hanci, sai wani bututu da za ki cije bakinsa, ɗaya kan yana sama da ruwa kina shan iska ta ciki. Sai ki kwanta rub da ciki a kan ruwa kina kallon ƙasan teku. Ruwan bai ba ni tsoro ba. Ke kika koya mini iyo a kogi tun ban kai sa zane ba.

Ranar farko muka je wurin da kowa yake yabawa, wanda hotonsa yake kan kowace takarda. Inna, ban taɓa ganin ƙazanta da aka yi wa kwalliya irin wannan ba.

Jiragen ruwa sun fi goma a jere, kowanne da kiɗansa. Mai jirginmu ya jawo wani bokiti, ruwan ciki ya yi kauri ya yi fari-fari, bututan nan suna jiƙe a ciki. Ina kallo wani ƙato ya fito daga teku, ya zare nasa daga baki da yawu yana dalala, ya jefa cikin bokitin. Mai jirgi ya tsoma hannu, ya kaɗa shi sau ɗaya, ya miƙo mini yana murmushi. Na ce masa na gode. Ummi ta ga fuskata, ta buɗe jaka ta fito da sababbi a leda. Allah Ya yi mata albarka, ta san uwarta.

Na shiga duk da haka. Saman ruwan maiƙo ne ya kwanta, na man da suke shafawa don rana, har yana ƙyalli. Ana wurga gutsattsarin burodi, kifaye suna ta rububi kamar kajin gidan gona, sun saba da roƙo. A ƙasa kuma duwatsun murjani ne. Kin tuna murjaninki ja da kike ɗaurawa ranar salla? Ummi ta ce danginsa ne, kuma abu ne mai rai. Waɗannan sun mutu, sun yi fari fat kamar ƙasusuwa, mutane suna tsaye a kansu da ƙafa suna ɗaukar hoto. Na ga ƙyallen jariri da aka yi amfani da shi ya maƙale a jikin ɗaya, yana lilo. Wata mata kusa da ni ta tsaya cak, ruwa iya ƙirjinta, ta yi shiru tana kallon sama, sannan ta yi dariya ta gaya wa ƙawarta cewa ta samu sauƙi. Na gane abin da ta yi. Na fita.

Kar ki ɗauka tsantsami ne ya yi mini yawa. Hannun nan nawa ya wanke kashin tsofaffin da ba dangina ba shekara da shekaru, kuma ban taɓa yamutsa fuska a gabansu ba. Ƙazantar da ta san kanta ba ta tayar mini da zuciya. Wadda aka lulluɓe da kiɗa da shuɗin ruwa ake ce wa mutane aljanna ce, ita ce ba na iya haɗiyewa.

Ummi da kanta ta soke wurin. Kwana biyu muna yawo, ita da taswira a waya, ni da butata a jaka. Wani bakin ruwan ciyawar teku ce ta ruɓe a kai, warinta kamar ƙwai ya lalace. Wani kuma kyau gare shi, amma maza sun baje. Wata hanyar dutse da aka ce ta fi kowacce, kwalabe ne da takardun goge jiki a bayan kowace bishiya. Ina ganin yarinyar nan tana ƙanƙancewa. Da safe ta daina karyawa. Ta ce wataƙila ita ce sakarai, wataƙila babu irin wurin da take nema.

Rana ta huɗu wani mutumin garin, dattijo mai raka baƙi, ya ce ya san wani wuri. Ya kai mu wata hanya siririya cikin kurmi. Tafiyar kusan awa guda, hawa ne, gwiwata tana ta ƙara. Sai ga ruwa yana zubowa daga saman dutse cikin wani gurbi mai faɗi, garai-garai, ana ganin tsakuwar ƙasa. Daga nan ƙorama ta gangara ta faɗa wani ɗan lungu na teku da duwatsu suka kewaye. Babu kowa. Ya nuna mana wata igiya da aka ɗaura tsakanin bishiyu biyu a gefen gurbin, ya ce nan hanya ta ƙare, sama babu komai sai ƙaya. Ya koma ƙasa ya bar mu.

Ba zan ɓoye miki ba, na ga abin mamaki a lungun nan. Kifaye shuɗɗa da rawaya, wasu da zane kamar an saƙa musu. Wani ƙarami ya zo daf da gilashina ya tsaya yana kallona. Na yi tasbihi da bututu a baki har na kusa ƙwarewa. Da na ɗago na ga Ummi tana dariya irin wadda rabona da ita tun tana firamare.

Azahar ta yi, muka hau gurbin in yi alwala. A nan ne, Inna.

Kin tuna yadda kike yi da ruwa? Ki ɗebo a tafin hannu ki duba launinsa, ki kai hanci, ki ɗanɗana da bakin harshe. Abin da malam ya karantar da mu ke nan, ke kuma kika ƙara da naki. In muka je ƙorama baƙuwa ba kya barin mu cika tulu sai kin bi gaɓa kin yi sama, mu muna ta ƙorafin rana. Kina cewa, “Binta, ruwa ba a gabanki ya fara ba. Je ki ga abin da ya wuce ta kai.”

Na ɗebo. Launi lafiya. Na kai hanci, sai na ji wani abu, ɗan kaɗan, can ƙasa-ƙasa, kamar zarni. Na ji shi. Ba zan ce miki ban ji ba. Na ɗaga kai, ga Ummi tsaye da waya a hannu, fuskarta kamar an kunna fitila. Sai na ce wa kaina ganye ne ya ruɓe.

Na kurkure baki sau uku. Na shaƙa a hanci sau uku. Na wanke fuska. Na yi azahar da la'asar na matafiyi a kan wani faifan dutse. Da na sallame, Ummi ta miƙo mini wayar, na yi magana da muryata, da sunana. Na ce, 'yan'uwa, ga ni a wurin, na gani da idona, ruwa ne mai tsarki, har alwala na yi da shi, duk mai niyya ta zo hankali kwance. Ta aika. Kafin in ɗaura takalmi amsoshi sun fara shigowa.

Ummi ta gangara ta ƙara ɗaukar hotuna. Ni kuma na zauna, amma ƙafata ta ƙi zama. Tarbiyyarki ce, ba ta barin mutum. Na ɗaga igiyar nan na sunkuya na wuce.

Babu wata ƙaya. Hanya ce sosai, an tattake ta. Ina hawa warin yana ƙaruwa, har sai da na rufe hanci da gefen mayafi. Ban yi tafiyar da ta kai daga gidanmu zuwa kasuwa ba na iso bayan wani masaukin baƙi da aka gina a kan tudu. Daga katangarsa wani bututu mai kauri ya fito, bakinsa a cikin ƙoramar. Abin da yake fitowa ba sai na siffanta miki ba. Baƙar laka ta taru a ƙarƙashinsa, da farar takarda da ta narke, da ƙudaje kore masu ƙugi. Ina tsaye aka ja ruwa a wani banɗaki can ciki, na ji ƙarar, sannan na ga ya ɓulɓulo. Ya bi ta kan duwatsu, ya yi kumfa, ya gangara, yana ƙara haske yana ƙara kyau, har ya je ya zama ruwan da na sa a bakina.

Na yi amai har sai da babu abin da ya rage. Na goge harshena da mayafi. Na tofar da yawu ya fi a ƙirga, amma ɗanɗanon yana nan. Har yau in na tuna sai na tashi na wanke baki.

Da muka sauko na tambayi dattijon nan. Bai ko ji kunya ba. Ya ɗaga kafaɗa ya ce shekarunsa da yawa yana kai mutane, ba wanda ya taɓa tsallake igiya, kuma ba wanda ya dawo ya ce ya mutu. Ashe igiyar aikinta ke nan.

A masauki na yi wanka da ruwan roba na sayarwa, na wanke kayan, na rama sallolin biyu. Na gaya wa Ummi duk abin da na gani. Sai ta fara lissafo mini: ruwa mai gudu ne, teku yana da faɗi, rana tana kashe ƙwayoyin cuta, za ta hana matan shiga gurbin, lungun teku kawai za su shiga. Na ce ƙoramar ai cikin lungun take zuba. Ta ce ni ban yi ƙarya ba, abin da na gani na faɗa a lokacin da na faɗa. Ban gaya mata na ji warin ba. Kunya ta hana ni.

Muka dawo, kuma na yi shiru kwana tara. Wannan ne ya fi bututun ƙazanta a wurina.

Matan sun cika takardar Ummi da sunaye. Wadda ba ta taɓa neman hutu a wurin aiki ba ta nema. Wata ta ce za ta zo da surukarta mai ciwon ƙafa, ko ruwan zai yi mata magani. Akwai Hajiya Mariya, 'yar Kumasi ce mai shagon kayan miya a Mount Hope, abokiyar wasata. Ta tare ni a bakin shago tana tsokanata, wai ta ji an ce na zama kifi, ko in na mutu a ruwa za a binne ni. Ta ce ta ba tela ɗinkin rigar iyo, yadi shida ya ci, duk kifin da ya gan ta sai ya yi hijira. Na yi dariyar yaƙe.

Rana ta tara aka yi rasuwa, wata baiwar Allah 'yar Damagaram. Aka kira ni wanka, Hajiya Mariya tana zuba mini ruwa. Kafin mu fara na ɗebo a tafin hannu na duba na kai hanci, kamar kullum, ruwan famfo ne ma. Sai ta juya ga 'yar mamaciyar ta ce da Hausarta ta Zango, “Kwantar da hankalinki. Malama in ya shinshina ruwa ya ce ya yi, an gama. Hancinshi bai taɓa cin amanan kowa ba.”

Ban san yadda na gama wankan nan ba. Ina juya baiwar Allah a hankali, ina rufe mata abin da ya kamata a rufe, ina tunanin wata rana ni ce a kan katakon wankan, kuma muryata tana nan a wayoyin mutane tana cewa ruwa ne mai tsarki.

Washegari da hantsi na shiga jirgin ruwan da yake tsallakawa St. George. Ban so in gaya wa Ummi ta waya ba. Ta tare ni a tasha da kayan aikinta a jiki, muka zauna a benci muna kallon ruwa. Na ce mata zan janye maganata, kuma na gaya mata abin da na ɓoye: na ji warin kafin in yi alwala, na ga fuskarta, na zaɓi fuskarta.

Na zaci wannan zai sanyaya mata. Sai ya fi ɓata mata rai. Ta ce wato yanzu laifin ya koma kan fuskarta. Ta ce shekara biyu tana gina abin nan, in na yi magana babu macen da za ta sake bin ta ko bakin titi. Ta ce ai ana iya canza wuri a hankali ba tare da an yi shela ba. Na ce surukar wance da ciwon ƙafa fa, da waɗanda suka ajiye saƙon suna tura wa 'yan'uwansu a wasu garuruwa? Wurin yana nan, sunana yana kansa, ko ba ita ta kai su ba wani zai kai su. Ta miƙe ta ce tun tana yarinya ta san in aka ajiye ta aka ajiye matan masallaci, su zan ɗauka. Ta tafi aiki ba sallama.

A cikin jirgin dawowa na yi saƙon. Ban yi dogon bayani ba. Na ce ruwan da na ce mai tsarki ne, masai ne yake zuba a kansa, na gani da idona bayan na yi muku magana. Na ce na ji alama tun farko na danne, laifin nawa ne ba na yarinya ba, ku yafe mini.

Sunayen suka zube kamar yadda ta faɗa. Wasu sun yi mini addu'a. Wasu sun ce dama su sun san ba a banza ba. Hajiya Mariya ta kira ni ta ce yanzu yadi shidan nan wa zai sa, sai dai ta yi labule da shi, sannan muryarta ta sauka ta tambaye ni yarinyar. Na ce ban sani ba. Sati uku Ummi ba ta ɗaga wayata ba. Na dafa mata dambu na kai har ƙofa, na rataye a hannun ƙofar na dawo.

Inna, a kwanakin nan na yi ta tuna ki. Ashe ba ruwa kaɗai kike koya mana ba lokacin da kike jan mu cikin rana muna bin gaɓa. Na tuna ranar da muka tarar da mushen akuya a sama da inda mata suke ɗiba. Ba ki yi shiru kin koma wani wurin ke kaɗai ba. Kika tsaya a hanya kina mayar da kowa, har da matar da ba kwa ga maciji da ita. Da yamma ƙafarki ta kumbura, ni na matsa miki. Ina kewar ƙafar nan. Ina kewar yadda kike kallona in na yi ba daidai ba, ba faɗa, kallo kawai, har in je in gyara. Da kina nan da ban kai kwana tara ba.

Jiya da rana ina ba wani tsoho abinci wayata ta yi ƙara. Ummi ce. Babu gaisuwa, babu komai, hoton taswira ne na wani tsibiri daban. Ta ja jan layi daga bakin teku, ta bi wata ƙorama, ta yi sama da shi har inda shuɗin zanen ya ƙare a tsakiyar duwatsu. A ƙasa ta rubuta da Hausa, ita da ba ta taɓa rubuta mini Hausa ba, har da kuskurenta: “Mama, nan ne kan ruwa. Tafiya awa uku. Gwiwa naki zai iya?”

Ban san ko ta huce ba. Ban san ko matan za su sake ba da sunansu ba. Na dai fito da takalmin sojan nan na goge shi, na sayi man zafi. Na rubuta mata da irin Hausarta cewa zai iya, amma waya tana cikin jaka sai mun je sama mun dawo.

Allah Ya jiƙan ki, Inna. Ya shayar da ke daga ruwan da babu abin da ya taɓa gurɓata shi. Ya yafe mini shaidar da na bayar da gaggawa da shirun da na yi bayanta. Ya shirya mini takwararki, Ya sanyaya zuciyarta a kaina, Ya ba ta wurin da take nema. Ya ba gwiwata ƙarfin kai ni inda ke za ki kai. Amin.

'Yarki mai bin sawunki ko da a makare,
Binta
Concourse Village, Bronx